Ranar Da Aka Kaɗa Wa Tanki Ƙuri'a

Shekarar da aka ce sojoji su koma bariki, ni nawa sojan gida ya dawo mini, ya zauna daram. Saja Manjo ne a sashen makanikai. Ya yi ritaya ana gab da rantsar da farar hula, muka kwashe komatsanmu muka tare a ɗan gidan da muka gina a Makera. Duk ƙasa tana murna mulkin soja ya ƙare, ni kuwa a tsakar gidana aka kafa shi sabo. Mutumin da ya saba daka wa ƙarti tsawa ya rasa wanda zai yi wa fareti sai ni da tukwanena. Ya leƙa kicin ya ce kwanukana ba su yi layi ba. Ya ɗaga tsintsiya ya ce ba a nan take kwana ba. Da abin ya ishe ni na ce, "Malam, don girman Allah ka nemi abin yi, tun kafin maƙwabta su zo rabon faɗa."

Ya kuwa nemo. Da ma ban yi magana ba.

Wata masaƙa a Kakuri ta yi gwanjon tsofaffin injuna, ya je ya sayo injin sassaƙa ƙarfe, irin wanda ake ɗaura ƙarfe yana juyawa ana fere shi da wata 'yar wuƙa. Sai da aka nemo majiya ƙarfi kafin aka shigar da shi shagon ƙofar gida, shagon da na ci burin zuba kayan masarufi. Tagar shagon ta baya tana kallon kicin ɗina, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan, da kunnena na ji, da idona na gani.

Ba sana'a ya buɗe ba. In ka kawo masa aiki ka ce nawa ne, sai ya ɓata rai. Sha'awa ce kawai. Ya sassaƙa wa ludayina mariƙi na tagulla wanda ya fi ludayin nauyi. Ya yi wa ƙofar banɗaki sakata da za ta iya tsare banki. Gidanmu ya cika da ƙarafa masu sheƙi waɗanda ba wanda ya san aikinsu, har shi. Ban damu ba, tunda ya sakar mini kwanuka.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Maigidana ido ɗaya gare shi. Na hagu ya tafi tun muna bariki, ɓarɓashin ƙarfe ya shige shi a wurin aiki. Likita ya gaya masa a gabana cewa ya riƙe na daman nan kamar ƙwai, don ba shi da na canji. Tun daga ranar na daina ce masa idonka, sai dai idonmu. Da idon nan yake karanta Alƙur'ani da asuba, da shi yake tuƙa tsohuwar motarmu ya kai ni asibiti in hawan jinina ya motsa, da shi yake gane na yi kwalliya ko ban yi ba, ko da yake wannan aikin idon bai taɓa yin sa da kirki ba. Na sa ya yi mini rantsuwa ba zai kunna injin ba sai da tabarau na kariya. Ya yi, yana gunaguni.

To, shi ƙarfe in ana fere shi zafi yake ɗauka, wuƙar ta dakushe. Dole a riƙa zuba masa ruwan sanyi, ruwa ne da ake haɗawa da wani mai ya koma fari fat kamar tsinkakken nono, in ya kwana biyu kuma ya yi warin da ko kwata sai ta sara masa. Injin ya zo da famfonsa na tura ruwan, amma wutar lantarkinmu mai zuwa da fushi ta ƙone shi tun a watan farko. Sai Malam ya ce zai ƙera tankinsa. Ya samo farantan ƙarfe ya yi musu walda, ya fitar da akwati mai kusurwa huɗu, girman adakar amarya. Ya sa masa bakin hura iska irin na tayar mota, da agogon awon iska, da tiyo. In an zuba ruwan aka hura iska a samansa da famfon ƙafa, iskar ta danno ruwan ya biyo tiyo ya zubo a kan wuƙa. A saman akwatin kuma ya ɗaura wani ɗan bawul da ke buɗewa da kansa ya saki iska in ta yi yawa.

Ranar da ya gama, da yake ba shi da kurata, ni ya kira ya yi wa lacca. Na tsaya da ludayi a hannu. Ya cika tankin da ruwa har baki kafin ya gwada shi. Na ce me ya sa. Ya ce, "Ruwa ba shi da riƙo. In ya sami kafa, zai tsiyaye ya kama gabansa. Iska ce mai riƙo. Ki matse ta ta yi shiru, ki ƙara matse ta ta yi shiru, ranar da za ta rama gaba ɗaya za ta rama." Ya ce kuma iska ba ta son kusurwa. Duk abin da aka yi don ya riƙe ta da ƙarfi, zagayayye ake yin sa, kamar tukunyar gas. Akwati mai shafaffen gefe kuwa, kowane ɗan taƙi na jikinsa tura shi ake yi, in ka tara turin nan a faɗin faranti guda sai ya fi nauyin buhunan masara da yawa, kuma duk a kan walda zai sauka. Ya ce biyar a agogo ta ishe shi aiki, don ruwan bai wuce ya hau tsayin ƙugu ba. Bawul ɗin ya saita shi ya yi tsaki a goma. Ya karɓi jan farcen 'yarmu ya ja layi a kan goma ɗin, ya ce ko Janar ne ya zo ba a haye wannan layi.

Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne ya ci maigidana. Wallahi ya sani. Ya fi duk wanda ke unguwar sani.

Ƙarar inji ta jawo 'yan zaman kashe wando. Kafin ka ce kwabo ƙofar shagon ta zama majalisa, benci biyu da tabarma, ni kuma na zama mai shayin da ba a biya. Manyan cikinsu uku ne. Akwai Hedimasta, tsohon shugaban firamare, wanda tun da aka karɓe masa ƙararrawa bai sake samun natsuwa ba. Akwai Alhaji mai taya, mai shago a bakin titi, mutum mai tumbi da babbar murya, wanda duk abin da ke duniya da taya yake auna shi, har aure. Sai maƙwabcinmu na jikin katanga, dattijon coci ne, mutumin kudancin jiha, ya yi aiki a masaƙa wajen tukunyar tururi har ya yi ritaya. Dattijo muke ce masa. Mutumin kirki ne na ƙarshe, amma in ya ɗauko zance sai ka yi alwala ka yi salla ka dawo bai iso kan maganar ba. Sauran kuwa 'yan amshin shata ne, shayi ya kawo su.

Lokacin ba abin da ake ji a rediyo sai majalisa. An kawo ƙudiri, an goyi baya, an tashi baram-baram. Tsofaffin nan abin ya shiga kansu. Hedimasta ya naɗa kansa Kakaki, ya ɗauki babbar sifanar Malam ya mai da ita sandar majalisa, yana buga ta a benci yana "Oda! Oda!" Suka fara kaɗa ƙuri'a a kan komai. A ja benci inuwa ko a bar shi? Ƙuri'a. Goro fari ko ja? Ƙuri'a. Har sukarin shayina sun taɓa yi wa zama, masu rinjaye suka ce a ƙara, na aika musu ta taga cewa masu rinjaye su sayo.

Malam ne ya fi shan wahala a wannan sabon zamani. Da ya buɗe baki ya ce kaza za a yi, sai su kwashe da dariya. "Ka ji soja! Saja, an daina doka-ta-ɓaci. Kakin ka tuɓe ko kuwa a ciki kake sa shi?" Yana dariyar yaƙe, amma na san abin yana cin sa. Duk abin da sojoji suka yi wa ƙasar nan, a ƙofar gidana ake karɓar fansarsa, a kan mutumin da iyakar mulkinsa gyaran giyar manyan motoci. Sai ya shiga nuna musu shi ma ya waye. Ya koyi cewa "ina neman izinin Kakaki" kafin ya yi magana a ƙofar shagonsa, a kan bencin da ya saya da kuɗinsa.

Dokar shagon ɗaya ce tun farko: duk mai zama zai taɓa famfon ƙafa. Da yake biyar kawai ake hurawa, ba a jimawa iskar take raguwa, ruwan ya koma ɗiga, sai wani ya tashi ya taka. Alhaji mai taya ya tsani wannan aiki. In layi ya zo kansa sai ya tattare babbar riga yana haki, tumbi na rawa, 'yan majalisa na ƙirga masa. Rannan ya sauko daga famfon yana share gumi ya ce yana da ƙudiri.

Ina jajjage na ji shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe Kakaki, wannan wahalar banza ce. Ina da kwamfuresa, injin hura taya, a shago. A ɗura wa tankin nan arba'in sau ɗaya, mu zauna mu sha shayinmu har magariba. Tayar a-kori-kura arba'in nake ba ta, roba ce fa, roba! Balle ƙarfe da walda? Kuma dubi yadda ruwan ke fita, kamar fitsarin tsoho."

Aka yi shewa. Malam ya nemi izini ya tashi ya maimaita musu laccar da ya yi mini, ta riƙon iska da kusurwa. Ya ce taya zagayayya ce, da waya a cikinta, don haka aka yi ta. Ya nuna musu jan layi. Ya ce ko an hura ma bawul zai saki iskar a goma.

Hedimasta ya ce, "Wanne, wannan mai tsakin? Ai shi ne ɗan adawa. Kullum ana zaman lafiya sai ya yi mana tsaki. Sai a haɗa a cikin ƙudirin, a toshe masa baki."

Na saki taɓarya na leƙa ta taga. Na ce, "Malam Hedimasta, da girmanka? In tankin ya fashe, ƙuri'ar ce za ta tare shi?"

Ya buga sifana. "Oda! Hajiya, ba ki da kujera a wannan zaure. 'Yan kallo ba sa magana."

Na ce, "Kujerar da kake kai ma tawa ce." Aka yi dariya, aka wuce wurin kamar ban ce komai ba.

Dattijo ya miƙe zai mara wa Malam baya. Na ji sanyi a raina, na ce ga mai hankali. Ina! Sai ya faro daga shekarar da aka ɗauke shi aiki a masaƙa, da Baturen da ya koya masa, da irin takalmin da Baturen ke sawa. Yana da labarin wata tukunya da ta taɓa fashewa, wanda da ya fara da shi da wataƙila ya tsorata su, amma kafin ya iso can rabin majalisa na hamma. Hedimasta ya ce lokacinsa ya ƙare. Dattijo ya fusata, ya ce an tauye masa haƙƙi, ya ɗauki hularsa ya ce ya fice daga zauren don nuna rashin amincewa, kamar yadda ya ji ana yi a rediyo. Ya fice da ƙuri'arsa a aljihu, ya bar Malam shi kaɗai.

Hedimasta ya ce, "Masu goyon baya su ce e."

Suka ce "Eee!" har da wanda barci ya fara ɗauka.

"Masu adawa?"

Malam ya ce a'a, a hankali.

Alhaji ya ce, "To Saja, sai mu gani. Za ka bi rinjaye ko za ka yi mana juyin mulki? Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi."

Na zuba wa bayan wuyan mijina ido ta taga ina jira ya yi tsawar nan da ya saba yi mini a kan tsintsiya. Tankinsa ne, shagonsa ne, idonsa ne. Sai na ji ya ce, "Na bi rinjaye." Aka tafa masa. Aka sa gobe bayan la'asar.

Da safe na ajiye masa koko da ƙosai, na zauna a gabansa, abin da ba na yi. Na ce, "Malam, kai da bakinka ka ce ko Janar ba ya haye layin nan. Alhaji mai taya ya fi Janar ne?"

Ya ce, "Ba za ki gane ba."

Na ce, "Ganar da ni. Ingiza mai kantu ruwa suke yi maka, kana gani. Su ido bibbiyu gare su. Mu ɗaya gare mu, kuma a kanka yake."

Ya juya cokali a kofi. Sannan ya ce, "Tun ina saurayi nake ba da oda ana bi don tsoro. Yanzu na sami mutanen da ke zuwa wurina ba don dole ba. In na ce a'a, gobe ba mai zuwa. Su ce soja ba ya tuba."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa. Na ce to su daina zuwa mana, sukarina ya huta.

Sai ya yi murmushi ya rage murya, ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya shirya musu. "Wa zai karanta agogon in ba ni ba? Da allura ta ɗan haye goma zan ce arba'in ta cika. Su yi tafi, kowa ya huta."

Na ce, "Au, maguɗi za ka yi?"

Ya ce, "Ai shi ma cikin tsarin yake."

Na yi dariya, Allah ya sani na yi, har na ɗan sami natsuwa. Na ce ko ma mene ne kada tabarau ya bar fuskarsa. Ya ce to.

Bayan la'asar Alhaji ya iso da kwamfuresa a bayan mota, cike da iska tun daga shago, da wani dogon tiyo. Tsawon tiyon nan ya kamata ya gaya wa kowa gaskiya. Mutumin da ya rantse ƙarfe ba ya fashewa ya ajiye injinsa can waje, bayan katangar shago, inda ko duwatsu aka yi ruwansu ba za su same shi ba. Malam da hannunsa ya kwance ɗan bawul ɗin ya ɗaure noti a gurbinsa. Ina kallo ya jefa shi aljihun gaban rigarsa.

Hedimasta ya ce tsari ya tanadi 'yan sa ido, mutum biyu su tsaya kusa da agogo su tabbatar da sakamako. Aka shiga kallon-kallo. Wannan ya ce ƙafarsa na ciwo, wancan ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi. Shi kansa Kakaki ya ce ba ya barin kujera ana cikin zama, alhali ya riga ya ja kujerar har bakin kwata. Duk waɗanda suka ce "Eee" jiya suka koma tsallaken hanya suna miƙa wuya. Dattijo yana ƙofar gidansa ya naɗe hannu, yana ci gaba da ƙauracewa. Cikin shagon ba kowa sai mai ƙuri'ar a'a.

Alhaji ya murɗa famfon kwamfuresa. Iska ta taho da wani irin huci. Malam ya sunkuya kan agogo. Tabaran nan ya tsufa, duk ya karce, ga gumi ya sa ya yi hazo, shi kuma yana son ya ga allurar daidai don ya san inda zai yi ƙaryarsa. Sai na ga ya tura shi goshi. Na ce, "Malam, tabarau!" Ya ɗaga mini hannu, wai in dakata.

Abin da bai lissafa ba, kwamfuresa ba famfon ƙafa ba ce. Kafin ya ƙifta allura ta wuce jan layi. Ya ɗaga murya ya ce, "Arba'in! Ta cika, rufe!"

Alhaji ya bushe da dariya daga bayan katanga. "Haba Saja! Ni za ka yi wa maguɗi? Da kunne nake sanin arba'in tun kana kurtu. Ko rabi ba a yi ba!" Ya ƙara buɗe famfon.

Na ga gefen tankin ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci rogo. Ya yi wata ƙara, ƙas, ƙas. A nan ne maigidana ya tuna shi wane ne. Ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta ba ko a bariki: "Kashe, na ce!" Daga tsallaken hanya wani ya ce, "Ka ji soja!" Malam ya kai hannu zai fizge tiyon.

Ban san yadda zan kwatanta ƙarar ba. Kwanukana da ke kife suka zubo. Farin ruwan nan mai wari ya feso ta taga ya wanke mini fuska. Da na shiga shagon, ban san ta inda na bi ba, na tarar da tankin ya buɗe ta wajen walda, agogon ya tarwatse, Malam yana zaune a ƙasa ya rufe fuska da tafin hannu biyu, jini da farin ruwa suna bin yatsunsa. Tabarau yana goshinsa, ko ƙwarzane bai yi ba. Bai yi ihu ba. Cewa kawai ya yi, "Kina nan?" Na ce ina nan. Ya ce, "An ɗauke wuta ne?" Rana tana tsaka da haska shagon.

Da na waiga neman taimako, majalisa ta watse. Takalma ne kawai a ƙofa, da sifanar Kakaki a cikin kwata. Dattijo ne ya shigo a guje, ya janye ƙauracewarsa ba tare da sanarwa ba, ya ciccibi Malam ya sa a motarmu ya ja. A ranar ko kalma ɗaya bai yi ba har muka isa asibiti. Yana tuƙi hawaye na zubar masa.

Gilashin agogon ne ya shiga idon. Likitoci sun yi iya yinsu. Abin da suka ceto mana shi ne ya bambance dare da rana, in mutum ya gifta ya ga inuwa. Karatu ya tafi, tuƙi ya tafi. Da nas ta miƙo mini rigarsa, na ji wani abu a aljihu, na zaro ɗan bawul ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Na zauna a barandar asibiti na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

'Yan majalisa sun zo dubiya, ɗaya bayan ɗaya, kowa da ledar lemo. Abin mamaki, ban sami ko mutum ɗaya da ya ce "e" ba. Wannan ya ce shi dama jikinsa bai ba shi ba. Wancan ya ce hamma yake yi aka ƙirga da shi. Hedimasta ya ce shi Kakaki ne, Kakaki ba ya ƙuri'a. Alhaji ya zauna ya yi ta jan carbi yana "ƙaddara ta riga fata," sannan ya ƙara da cewa waldar ce ba ta yi kyau ba. Na ce, "Alhaji, ɗauki lemonka." Ya ce haba Hajiya. Na ce, "Ɗauki lemonka ka fita, tun ina ganin furfurarka." Malam daga kan gado ya ce in yi haƙuri, baƙo ne. Na ce yau ni ma na kafa dokar soja, wanda bai ji daɗi ba ya kai ƙara.

Na so in yi masa gori, ba zan ɓoye ba. Na tanadi maganganu cike da bakina, tun daga "ba na gaya maka ba" har zuwa "wanda bai ji bari ba." Amma duk lokacin da na buɗe baki sai in gan shi yana lalubar kofin shayi a tabarma, sai maganar ta maƙale. Shi ya riga ni ma. Wata rana yana zaune a tsakar gida ya ce, "An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Ni ko ganinsa ba zan yi ba." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Injin yana nan a shago, na lulluɓe shi da tsohon zane. Masu zuwa ba don dole ba, ba su sake zuwa ba. Dattijo kaɗai ne, har bayan da ya koma wurin 'yarsa a Narayi yakan hawo bas ya zo, ya zauna ya faro labari daga takalmin Bature, Malam kuma yanzu yana da lokacin saurare har ƙarshe.

Da zaɓe ya sake zagayowa, na ce ya yi zamansa, ya ce sam sai ya je. Na riƙe masa hannu har filin makarantar firamare. Muka bi layi a rana. Can gaba na hango Hedimasta yana gyara wa mutane layi ba wanda ya sa shi, da ya gan mu sai ya shiga neman wani abu a aljihu. Malaman zaɓe suka ce tunda ba ya gani, in shiga da shi. Muka tsaya mu biyu a bayan ɗan labulen. Na shimfiɗa takardar, na kama babban yatsansa na dangwala a tawada. Yatsan nan duk tabon ƙarfe ne.

Na ce, "To Malam, wanne?"

Ya ce, "Duk inda kika ga ya dace. Ke ce mai ido."

Shekara da shekaru ina so mutumin nan ya ce mini haka. A kan gida, a kan yara, a kan tankin nan. Sai ga shi ya faɗa, a bayan labule, ba kowa sai ni, kuma da zan iya da na mayar masa da maganarsa ya ba ni idonmu. Takardar ta yi mini dishi-dishi, sai da na goge fuska da gefen mayafi kafin na ga inda zan sa.

Na dangwala masa, na naɗe, muka jefa. Da muka fito na ce, "Ga kwata nan, ɗaga ƙafa." Ya ɗaga.